Keken Cefanen Marigayiya

Tun rasuwar matarsa, tela bai san wani wurin cefane ba sai katafaren kantin da ke ƙasan benensu. Kaya a jere, haske tar, amma kafin wata ya raba aljihunsa ya yi fayau. Yayarsa ta zo ta buɗe firiji, ba komai sai rabin kabeji. Ta ce in haka marainiyar 'yarsa za ta zauna, ƙarshen wata za ta ɗauke ta. Bai saba musu da Yaya ba. Amma yarinyar nan ita kaɗai ta rage masa.

Wata rana da la'asar ya jawo keken cefanen marigayiya daga bayan ƙofa, wata jaka mai taya biyu, ɗaya na ƙiiƙii. Ya fita da ƙafa, bai ma san inda ya nufa ba.

Yana gifta gidan burodi sai mai burodin ya leƙo, ƙarar tayar ya gane.

"Maigida, ina uwar ɗakina? Ko fushi take da mu?"

Tela ya faɗa masa rasuwar. Mutumin ya yi masa ta'aziyya. Da ya gama ya zuba masa burodin jiya a rabin kuɗi, ya ce daga nan bayan tashar bas marigayiya take zuwa, lokacin da mai kayan miya ke kwashe kaya.

A can ma keken aka fara gaisarwa. Da tsohuwa mai kayan miyan ta ji rasuwar, ta share hawaye, ta buge masa hannu daga kan tumatir.

"Ƙanina, ba yadi kake zaɓa ba. Mai tabon nan shi ne na miya."

Ita ta tura shi wajen mai kifi, wanda kullum yake ajiye kawunan kifi. Mai kifi ya nuna masa wani lungu a ƙarƙashin gada inda ake auna shinkafa daga buhu. Tela yana tafe baki buɗe. Shekara da shekaru yana garin nan, ashe akwai wani garin a cikinsa, kuma duk matarsa ta taka shi, kowace ƙofa ta san lokacinta.

Ƙarshen wata Yaya ta zo, ta tarar da uba da 'ya suna tsintar shinkafa, tukunya na tafasa. Ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara cokali biyu. Ta ce yarinyar ta zauna tukuna. Sannan ta rage murya ta ce gobe ya raka ta wajen mai kifin nan, ita ma tana da bakunan ciyarwa.