Sunan da Saude Ba Ta Faɗa

Ba a sa sunan Sharhabilu a cikin masu samun injin ban-ruwa ba, kuma uwarsa Saude ce ta jawo.

Ranar da ma'aikatan shirin noman rani suka shigo unguwar 'yan gudun hijira a Batsari, gida-gida suka bi. Tsarin gwamnati shi ne, gidan da ke da namiji mai ƙarfin noma a ba shi inji da fili a fadama, gidan da babu a ba matar keken ɗinki. Sai dai babu wanda ya tsaya ya yi wa mutane wannan bayani. Wata ma'aikaciya Muhsina, tashin birnin Katsina, ita ta zauna a tabarmar Saude da na'urar rubutu a hannu.

"Inna, maigidan fa?"

"Ya rasu. A gona suka same shi, can Runka, kafin mu taso."

"Allah Ya jiƙansa. 'Ya'ya nawa?"

Saude ta dubi ƙasa. Sharhabilu yana bakin ƙofa yana sa wa fartanya ƙota.

"Ramlat da Nazifa."

"Babu namiji?"

"Su ke nan a ɗakina."

"Wancan fa?"

"Na Kaka ne."

Muhsina ta rubuta abin da ta ji. Sharhabilu ma ya ji, bai ɗago kai ba.

Kada ka ce Saude ƙarya ta yi. Sharhabilu ɗan farinta ne, kuma a gidansu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta lissafa shi cikin nata. Ranar da aka yaye shi uwar mijinta, wato Kaka, ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta. Shekara ashirin da shida "kai" take ce masa, in ba ya nan ta ce "wancan". Shi kuma Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Kaka ta daɗe da rasuwa, amma har gobe na Kaka ne. Sai dai in an kwashe tuwo, akwai malmala babba da ake rufewa da faifai a ajiye gefe, kuma kowa ya san ta wane ce.

Bayan wata biyu aka kawo keke. Babu mai iya ɗinki a gidan. Nazifa ta lulluɓe shi da tsohon zane, kaza ta mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Maƙwabcinsu Abdulmumini, wanda bai san kan albasa ba, ya ɗora sabon inji a babur ya nufi fadama. Sharhabilu da ya shekara goma yana ban-ruwa da bokiti a Runka ya tsaya yana kallo.

Ya yi sati uku yana zaune. Ran nan da hantsi ya tsaya a tsakar gida, uwarsa na tankaɗe.

"Ramlat, gaya wa Adda ranar kasuwa zan bi motar Kudu. Ana samun dako."

Saude ba ta daina tankaɗe ba. "Ramlat, ce masa waɗanda suka tafi bara ba duka suka dawo ba."

"Ni fa kun mai da ni wayar salula," in ji Ramlat. "Ga ku ga juna. Inna, ke kika ce ba ki da namiji. Ga keke nan, ki ɗinka masa fadama."

Saude ta ajiye rariya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ci tuwon ranar ba.

Washegari ta ɗauki mayafinta. Mutanen Runka a Safana ake gyara takardunsu, don haka Sharhabilu ya aro babur. Ta hau ta bar wuri tsakaninsu, ta riƙe ƙarfen baya har suka isa.

Ofishin shirin a Safana cike yake da maza. Muhsina ta gane ta, ta kai ta gaban wani dattijon ma'aikaci mai farin gemu. Sharhabilu ya fara bayani, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ba kai ba, samari. Mutane suna aro 'ya'yan maƙwabta su kawo mana. Ita ta ce babu, ita za ta ce akwai. Baiwar Allah, wannan wane ne?"

Saude ta waiga. Babu Ramlat a nan.

"Na gidanmu ne."

"Ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni na haife shi."

Dattijon ɗan ƙauye ne shi ma, ya san abin da yake nema a wurinta. Ya sassauta murya. "Yi haƙuri. Sai kin faɗi sunan."

Wasu mazan suka kau da kai don su rage mata nauyi.

"Sharhabilu," ta ce. "Sharhabilu Manu."

Muhsina ta danna na'ura, ta sake dannawa, sannan ta miƙa wa dattijon. Ya daɗe yana dubawa.

"An rufe na bana tun makon jiya. Injinan sun ƙare. Amma ga shi ya shiga, shi ne na farko a na baɗi."

A hanyar komawa, da suka hango rufin kwanon Batsari, Sharhabilu ya ɗan waigo.

"Adda," ya ce, "ashe kin san sunan."

"Dubi hanya."

Wurin da ta bari tsakaninsu yana nan. Amma da babur ya faɗa rami ta dafa kafaɗarsa, ba ta kuma ɗauke hannun ba har ƙofar gida.

Ranar kasuwa ya tafi, don baɗi ba ta ciyar da gida bana. Saude ba ta raka shi tasha ba, Ramlat ta aika da ƙullin dambu da ƙuli-ƙuli. Matan unguwa sun riga sun ji cewa ta kama sunan ɗan fari a gaban maza, wasu har sun fara yi mata dariya a bakin rijiya.

Da yamma ta kwashe tuwo. Sai da ta rufe babbar malmalar da faifai sannan ta tuna. Ta tsaya da faifan a hannu, ta sake faɗin sunan a hankali, sau ɗaya.