Shafi na Sha Tara

Nabra ta shigo maɗaba'ar idanunta jawur, ta dangwarar da littafin karatu a kan injin kakanta.

"Kaka, yau duk ajinmu 'mai gadi' suke kirana. Wai in tashi in buɗe musu ƙofa."

Midhat, mai tsara shafuka a maɗaba'ar, ya hango shafin daga teburinsa. Hoton baƙin mutum ne da rawani, baki wangame, yana sharar barci a benci. A ƙasa an rubuta: mai gadi.

Shi ya sa hoton. Wata uku da suka wuce gurbi ya ragu a shafi na sha tara, Usta Girgis mai maɗaba'ar ya ce masa, "Ustaz mai difloma, sai mun kira taro? Jawo akwatin can!" A ciki ake ajiye farantan dalma na buga hotuna da aka zuba tun zamanin da sarki ke mulkin ƙasar, ana ta bugawa ba a sauya ko ɗigo ba: baƙauye wawa, mace mai surutu, ɗan ƙabilar Nuba mai gadi. Sau uku Midhat ya auna gurbin don gudun kuskure. Fuskar ce kawai bai duba ba.

A makarantar ɗab'i an koya musu cewa sunan irin wannan farantin, 'stereotype', shi Turawa suka ara suka laƙaba wa ɗabi'ar yi wa mutane kuɗin goro. Ya rubuta haka a jarrabawa, ya ci.

*

Da azahar ya tarar da tsohon, kakan Nabra, yana goge injin.

"Ammu Dahab, ni ne na..."

"Na sani, ɗana. Kai ka zaɓa, ni na buga. Dubu biyar, kuma ko ɗaya tawada ba ta ɓata ba."

"Me ya hana ka magana?"

"Na yi, shekarar da na zo Alƙahira. Aka ce mu 'yan Nuba ba mu san wasa ba."

Usta Girgis ya leƙo. "Ustaz, ranar Asabar bugu na biyu. Kada a taɓa komai, ka ji?"

Midhat ya dubi tsohon. Tsohon bai ɗago ba.

"To, Usta," in ji Midhat.

Nabra ta matso kusa da teburinsa, ta yi ƙasa da murya. "Ustaz, don Allah kana da gam?"

Ya miƙa mata. Ta zauna a bakin ƙofa, ta shafa a hankali, ta manne shafin da na kusa da shi, ta ɗora tafin hannunta a kai tana jiran ya bushe.