Sunan Bagaruwa Na Uku

Tun hantsi Mufida ke zazzage ɗakinta a Rano kamar mai neman allura. Reshen bagaruwar yana nan tsakanin jaridu inda ta danne shi da dutsen niƙa wata biyu, ganye da ƙaya lafiya lau, amma 'ya'yan babu ko ɗaya. Jibi za ta miƙa shi cikin aikinta na kammala jami'a, kuma malaminta ya gaya mata sarai cewa suna biyu na Latin bagaruwa kawai suke nufi, sai na ukun ne ke faɗin wace iri ce. Na ukun kuwa a jikin 'ya'yan ake gane shi.

Kakarta, Inna Dije, ko a jikinta. "Ni na tsinke su. Maƙwabciyarmu Bara'atu ta haihu, ga bagaruwa a gida, sai in tafi kasuwa? Na daka na tafasa mata."

Ran Mufida ya ɓaci, amma wa zai yi wa tsohuwa tsawa a kan maijego? Ta hau bayan babur ɗin yayanta Murtala, malamin lissafi, suka nufi ƙauyen Nariya inda ta yanko reshen. Shi kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Mu ma a aljabara haka ne. Lissafi mai gaɓa uku in ya rasa ɗaya, ya tashi daga shi."

"Yaya, don Allah ka tuƙa."

Suka tarar da bishiyar kamar an yi mata aski. Makiyaya sun sare rassan, awaki sun lashe abin da ya zubo. Ta tona ƙasa da yatsu har ƙaya ta soke ta, ba ta samu komai ba.

La'asar sakaliya suka dawo. Ta zauna a bakin ƙofa, kuka ya ƙwace mata. Inna Dije ta ajiye tsintsiya.

"Wai me ake nema a jikinsu?"

"Siffarsu, Inna. A miƙe suke ko masu tsuke-tsuke."

"Shi ke nan? Don wannan kuka ƙone mai? Ai ta fadama ce, mai gaɓa-gaɓa kamar carbi, ga fari-farin gashi da ya manne mini a hannu. Ta tudu shafaffiya ce. Shekara hamsin ina dafa su."

Mufida ta jawo littafinta ta duba. Carbi, da gashi: tomentosa. Ta rubuta Acacia nilotica, ta ƙara na ukun.

A ƙasan takardar bayanin reshen akwai gurbin wanda ya tantance sunan. Ta riƙe biro ta daɗe, don nan sunanta ya kamata ya zauna. Sai ta rubuta Dije.

"Me kika sa?" in ji tsohuwar, tana leƙa rubutun da ba ta iya karantawa.

"Sunanki, Inna."