Jan Sa Ya Fito Kore

Kawu Sadi ya iso Talata Mafara daga Damaga da hantsi, ranar kasuwa, ya zarce gidan Zuhura, 'yar ƙanwarsa. Suka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan shanu sai ya ajiye kofin ruwan da ta kawo masa bai sha ba. Jan sansa, wanda ya fi ji da shi a garke, ya ɓace kwana huɗu ke nan. Sun taka daji har sun gaji. Wani dillali ne ya ba shi shawara ya kawo hoton san a takarda, a raba a kara, inda ake cinikin shanu.

"An ce kina da injin hoto, ɗiyata. Kuma ke kinka ɗauke shi da waya da kunka zo Sallah."

Zuhura malamar firamare ce, tana da firinta, da ita take buga tambayoyin jarrabawa. Ta ce ai wannan aikin minti biyar ne. Ta nemo hoton, ta tura kwamfuta, ta rubuta lambar Kawu a ƙasa, ta danna.

Takarda ta fito a hankali. Ga ƙaho, ga tozo, ga farin goshi, amma san kore ne shar kamar ganyen yakuwa, da fararen layuka sun ratsa shi.

Kawu ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa. "Wanga ba nawa ba na."

"Shi ne, Kawu. Injin ne."

"To wa za ni nuna ma koren sa? Dariya za a yi mini."

Ta sake bugawa, haka ya fito. Ta canza takarda, ta kashe firintar ta kunna, ta cire ta daga tsarin tsimin tawada. Layukan suka ragu, koren yana nan. Sai ta kira mijinta Abdulrashid, wanda ke aiki a Bakura. Ya ce ta buga shafin gwaji ta gaya masa abin da ta gani.

"Baƙi ya fito, shuɗi ya fito, rawaya ta fito. Wurin ja babu komai."

"Yaushe rabonki da buga abu mai launi?"

Ta yi lissafi. Tun kafin azumi.

"To jar tawadar ce ta bushe a bakin kwalinta. Sa firintar ta wanke kanta."

Ta shiga kwamfuta ta danna wankewa. Firintar ta yi ta gurnani tana kai da komo. Sau uku tana yi, kowane gwaji ja bai leƙo ba, ga tawadar sauran launukan sai raguwa take. Ana cikin na huɗu aka ɗauke wuta.

Zuhura ta dafe kai. Kawu kuwa sai leƙa tsakar gida yake yana duban inuwa. Wannan ya fi ci mata rai da a ce faɗa ya yi. Ta san kara tana fara watsewa bayan Azahar, masu lodin shanu ba sa jiran kowa.

Ta tayar da janareta da kanta, ja biyar kafin ya kama. Ta sake kiran Abdulrashid, muryarta a sama. Ya ce ta ciro kwalin tawada mai launi, ta zuba ruwan ɗumi kaɗan a faranti, ta tsoma bakinsa kawai, kada ruwa ya taɓa jan ƙarfen da ke jikinsa. Ta yi haka. Ruwan ya yi shuɗi, ya yi rawaya, ya koma kore. Ta zubar ta sake. Sai a ruwa na uku wani siririn ja ya fara tsattsafowa.

Ta goge kwalin da tsumma, ta mayar, ta buga. San ya fito ruwan hoda, rabinsa a jiƙe.

"Yanzu kuma ya zama na amare," in ji Kawu.

Ba ta yi dariya ba. Ta sake sa wankewa sau ɗaya, ta bar ta ta huta minti goma kamar yadda mijinta ya ce, tana zaune tana kallon agogo. Ana kiran Azahar ta danna.

Wannan karon ja ne. Akwai siririn layi ɗaya a kan cinya, amma har tsagar kunnen hagu ana gani. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shi na." Ta buga goma sha biyu, a na sha uku tawadar ta ƙare. Ya naɗe su ya cusa a aljihu, ya tari mai babur.

Da La'asar ya dawo ransa a ɓace. Rabin mutane sun watse kafin ya isa, kuma gumi ya jiƙa takardun, huɗu sun dame ba a ganin komai. Sauran ya raba wa dillalai. Babu wanda ya ga san. Ya koma Damaga a ranar.

Ranar Juma'a da safe ya kira ta. Wani dillali ya nuna hoton a Maradun, wani manomi ya ce akwai irinsa ɗaure a ƙauyensu ana cigiyar mai shi. Sun je sun taho da shi, ya rame, yana ɗingishi, amma yana cin ciyawa.

Zuhura ta yi hamdala, ta ce a gai da mutanen gida.

"Tsaya, ɗiyata. Na yi shawara da 'yan'uwa. In kin samu hutu ki zo ki ɗauki shanun duka hoto, kowace da takardarta, mu aje."

"Su nawa ne, Kawu?"

"Da maruƙa, saba'in da ɗaya."

Ta tuna da tawadar da ta ƙare, ta ce za ta yi magana da Abdulrashid.