Tseren Barewa a Ɗakin Jinya

Kafintan bai taɓa riƙe rimot na tsawon minti biyar ba a rayuwarsa. Talabijin na matarsa ne, shi nasa zarto da guduma. To amma ga matar tasa, Malama, kwance a asibiti sati uku, ƙugu ya karye, ga 'yarsu ta kai zagayen ƙarshe na tseren ƙasa, za a nuna kai tsaye ranar Asabar da yamma. Barewa ake ce wa yarinyar, kuma uwar ce ta yi shekara tara tana tsaya mata a bakin fili da agogo a hannu.

"Baban Barewa," in ji Malama, "kada wanda ya faɗa min ta nawa ta zo. Da idona nake so in gani."

"Za ki gani," ya ce. Sai da ya fito harabar asibitin ya tuna bai san ta yaya ba.

Ranar Asabar, saura awa ɗaya a fara, ya kira mai gyaran dish ɗin unguwarsu, mutum mai surutu kamar rediyo. Mutumin ya duba bayan risiba, akwatin da ke kamo tashoshi, ya ce tana iya naɗar shiri a kalla daga baya, amma sai an jona mata filashi mai girma. Kafintan ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa. Guda ɗaya ne tak a gidan, a ciki yake tara hotunan duk wani gado da kujera da kabad da ya ƙera tun da ya fara riƙe waya mai kyamara. Da su yake nuna wa masu saye aikinsa.

Aka jona. Rubutu ya fito a allon.

"Maigida, ta ce sai an yi fomatin," in ji mai gyaran. "Wato ta share komai ta shirya shi yadda take so. Ko hoto ɗaya ba zai tsira ba. Bari in ruga shago in kwashe maka su a kwamfuta."

"Zuwa da dawowa minti nawa?"

"In hanya ta yi kyau, awa guda da ɗan abin da ba a rasa ba."

Kafintan ya dubi agogon bango. Abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya, har ya tuna wani kabad mai ƙofa shida da ya yi wata biyu a kansa.

"Share," ya ce. "Hannun da ya yi su yana nan."

Kafin mai gyaran ya tafi ya nuna masa jan maɓalli, ya ja masa kunne cewa awa biyu na cika za ta tsaya da kanta, sai an sake dannawa. Kafintan ya jawo kujera har gaban talabijin, ya kashe wayarsa, ya kafa wa 'yar jar fitilar risibar ido. Aka yi tsalle, aka yi jifa, ruwa ya sauko aka dakata, masu sharhi suka yi ta zuba. Ana jera 'yan mata a kan layi fitilar ta mutu. Ya danna da ƙarfin da yake buga ƙusa, ta dawo. Bai ma ga tseren da kyau ba, rabin hankalinsa na kan fitilar.

Washegari da safe ya zare filashin ya nufi asibiti yana tafe yana jin kansa. Wata nas ta ara masa kwamfutarta, ta jona, ta danna nan ta danna can. Abu ya ƙi buɗewa. Ya fita baranda ya kira mai gyaran.

"Af! Na manta ban faɗa maka ba, maigida. Abin da ta ɗauka a kulle yake. Ba ya buɗewa sai a cikin risibar da ta ɗauke shi."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai a duniya."

Malama ta ga fuskarsa da ya dawo. Ta juya kai wajen bango ta ce ba komai, ya faɗa mata da baki kawai. Wannan "ba komai" ɗin ya fi zagi zafi.

"Ba zan faɗa ba," ya ce. "Ina zuwa."

Ya koma gida ya kwance talabijin daga bango, wanda shi ya ɗaura shi da kansa. Ya naɗe shi a bargo, ya zuba risiba da wayoyi a jakar kayan aikinsa, ya ɗaure duka a bayan babur. Maigadin asibiti ya tare shi ya ce nan ba kasuwa ba ce. Da aka kai shi wurin babbar nas, ita ma ta ce doka ta hana. Kafintan bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙofar ofishinta da ke goga ƙasa, ya ciro sukudireba ya ɗaure mata maɗaurin, ƙofar ta rufu lafiya lau.

"Minti goma," in ji ta.

Ya jingina talabijin a kan teburin cin abincin marasa lafiya, ya jona risiba da filashi. Matan sauran gadajen suka miƙo wuya. Hoto ya fito, ga Barewa a layi na biyar tana karkaɗa hannuwa. Bindiga ta tashi.

"Ɗaga gwiwa!" Malama ta kwatsa tsawa. "Kada ki waiga! Na ce kada ki waiga!"

Ɗakin ya kaure da ihu, har tsohuwar gadon ƙarshe da ba ta san wacce ake mara wa baya ba. Kafintan bai kalli allon ba. Ƙasan bargon matarsa yake kallo, inda ƙafarta mai lafiya ke ta harbawa, tana gudu tare da 'yarta.

Barewa ta zo ta uku. Malama ta share hawaye da gefen mayafi, ta yi ajiyar zuciya.

"Ta waiga," ta ce. "Mayar min da shi baya, Baban Barewa."

Babbar nas na tsaye a bakin ƙofa, minti goma sun daɗe da wucewa. Kafintan ya lalubo maɓallin da babban yatsansa, ya mayar da yarinyar kan layi.