Ƙwayar Safe ta Iya Tolani

Muna kokawar shigar da ita Keke Napep, ƙafarta ta dama tana jan ƙasa, sai ta damƙe hannuna tana son magana. Bakin ya riga ya karkace. Da ƙyar na gane cewa take a sauke waken da ta bari a wuta, kada ya kama.

Iya Tolani ke nan, maƙwabciyata a Gangare, ƙofa na kallon ƙofa. Sunanta Adijat, Bayarbiya ce, amma ta riga ni zama Jos. Shinkafa da wake take sayar wa leburori a wata farfajiyar sayar da katako a kasuwar Katako, ni kuma ina gefenta da kunun zaƙi.

Bara aka ce tana da hawan jini, likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kowace safiya. Firisila, nas ɗin da ke haya a gidanmu, ta zaunar da ita a tsakar gida ta yi mata bayani ina ji. Ta ce ƙwayar aiki biyu take yi. Tana sassauta jijiyoyin jini su buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta yi ta turi da ƙarfi ba. Tana kuma sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa, don haka fitsari zai dame ta da safe.

"Mama, ba warkarwa take yi ba, dannewa take yi," in ji Firisila. "Kika daina, zai tashi, kuma ba sallama yake yi ba."

Ta riƙe maganar. Kumburin ƙafa ya saɓe, ciwon ƙeya ya tafi. Kafin azahar takan bar min tukunya sau da yawa ta zaga banɗakin farfajiyar ta dawo.

Sai Alhaji Shu'aibu, mai farfajiyar, ya sa wa banɗakin kwaɗo. Ya ce mata masu abinci ne ke ɓata shi, daga yau na manyan masu sayen katako ne. Maza ba su damu ba, bayan tulin katako ya ishe su. Iya Tolani ta wanke hannu ta same shi a rumfarsa, ta rusuna, matar da a shekaru ta kusa haihuwarsa.

"Oga, don Allah, magani nake sha."

"To Mama ki rage shan ruwa mana," ya ce, yaransa suna dariya.

Banɗakin haya yana can tsallaken titi, da nisa. Wata rana ba ta kai ba. Ta dawo ta ɗaura wani zani a kan na jikinta, ta zauna bayan tukunya, ba ta ƙara ɗaga kai ba har muka tashi.

Daga nan ta daina bar min tukunya. Da na tsare ta, ta ce ta mai da ƙwayar ranar Lahadi kawai, tunda ba ta fitowa. Na tuna mata maganar Firisila, na ce zan gaya mata. Ta rantse in na kai maganar zaninta gaban yarinya sa'ar 'yarta, mun rabu. Ta ce kanta ba ya ciwo, lafiyarta lau. Haka muka yi ta ja har ranar da ludayi ya suɓuce daga hannunta.

A asibiti suka ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ta cika kafin 'yarta Tolani ta iso daga Ilori. Da na faɗa wa Firisila komai, ta jingina da bango tana huci. Ta ce magungunan hawan jini iri-iri ne, akwai waɗanda ba ruwansu da fitsari, da an yi magana da likita ya canza mata.

Ranar uku Alhaji Shu'aibu ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa a bayan mota. Daga zaure muna jin muryarsa yana cewa Mama uwa ce gare su duka, kwana ne ya ƙare. Ban musa kwana ba. Amma na yafa mayafi na fita na tsaya a bakin zauren.

"Alhaji, an buɗe banɗakin?"

Ya ce, "Hassana, nan ba wurin wannan maganar ba ne."

"A can ma ta yi maka, ka ce ta rage shan ruwa."

Maza suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri in koma ciki. Na koma. Shinkafar kuwa an dafa ta sadaka, ban saka ko loma a bakina ba.

Da yamma Tolani ta wanke zannuwan mahaifiyarta ta shanya a igiyar tsakar gida, ta shige ɗaki. Hadari ya taso daga wajen Titin Bauchi, yayyafi ya soma sauka a kan kwano. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na rungume, da sauran danshi a jikinsu.