Ƙasan Kwando

Bohuslav ya tura kwandonsa ƙarƙashin kujerar asibiti, don ma'aikaciyar jinya ta hana shiga da shi. Naman kaza ne ya tsinto a daji da sassafe, ko matarsa Drahomira za ta yi marmarin miya in ta fito. Tun rasuwar ɗansu Radim ba ta amsa masa sai da ka. Magungunan ciwon damuwa duk an gwada, ƙiba kawai suka ƙara mata.

Likita ya yi masa bayanin sabon maganin a tsaye. Ƙwaya ɗaya ce, daga sinadarin wata siririyar laimar kwaɗi. Za ta kwanta, a rufe mata ido, a sa mata kiɗa. Da ya faɗi sunan tsiron, Bohuslav ya gane shi. Shi ya taɓa samu a kwandon Radim, a ɓoye ƙarƙashin na ci. A ranar ya juye kwandon cikin murhu, ya ce gidansa ba na 'yan maye ba ne. Radim ya rantse wannan kaɗai ke ɗage masa duhun da ke kansa. Bohuslav ya nuna masa ƙofa. Daga baya gawarsa aka kawo daga birnin Ostrava.

Wani tsoho da ke zaman jira ya leƙa kwandon, ya yi masa gaisuwar masu tsinta.

"Suna tsirowa?"

"Ga mai ido."

"A ina?"

"A daji."

Tsohon ya yi dariya, ya ce gaskiya ne, ko limamin coci ba a gaya wa wurin tsinta.

Da yamma Drahomira ta fito, idanunta jawur. Ta gode wa ma'aikaciyar da baki, da muryar da Bohuslav ya fara mantawa. Likita ya ce alama ce mai kyau.

Bohuslav ya miƙa mata kwandon. Ta sa hannu tana juya naman kazan ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa, kamar yadda ya yi wa kwandon Radim a waccan ranar.

"Baban Radim, duhun ya ɗaga," in ji ta a hankali. "Yaron bai yi ƙarya ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Yanzu ni ma 'yar maye ce. Ba sai ka nuna min ƙofa ba, wurin ƙanwata zan tafi."

Ta mayar masa da kwandon, ta tambayi ma'aikaciyar inda ake hawa bas ɗin garin Olomouc.